Aksul ɗin baya yana kuka in na saki totur: boris ne ko haƙora?

Mai_Akori96:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin aksul, don kowa na tambaya sai ya faɗa min wani abu daban.

Motata a-kori-kura ce ta 1996, mai dizal, mai jan baya, giyar hannu. Agogonta ya haura kilomita 380,000. Inji lafiya lau, ba ya shan baƙin mai, giya na shiga sumul. Damuwar daga baya take. In gudu ya kai kamar 60 zuwa 80 na ɗaga ƙafa daga totur, sai wani kuka ya taso ta ƙarƙashin bodi, wuuuu, siriri mai tsini. Da na sake taka totur sai ya lafa, kusan ya ɓace. Ko a giya ta 4 nake ko ta 5 muryar ɗaya ce, gudun mota take bi. Ban da wannan, in zan tashi daga tsaye ko na sa ribas, akwai wani "ƙwal" guda ɗaya da nake ji.

Abin da aka taɓa mata kwanan baya shi ne, mai yana ɗiga ta gaban aksul inda farfela (dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giya zuwa baya) ta haɗu da shi, sai aka canja min sil ɗin wurin, wato robar da ke hana mai fita. Ɗigar ta tsaya na ɗan lokaci, yanzu ta dawo, kuma bayan wannan aikin ne kukan ya fara. Wani ya ce boris ɗin taya ne. Wani ya ce in zuba mai mai kauri zai yi shiru. Wani kuma ya ce in cire aksul ɗin ɗungurungum in sayi na hannu. Kaya nake ɗauka da ita kusan kullum, ajiye ta ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ta ina zan fara? Kuma zan iya ci gaba da hawa kafin in haɗa kuɗin gyara?

Baba_Mai_Aksul:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka faɗi lokacin da kukan ke zuwa da lokacin da yake tafiya, don da wannan kaɗai an rage rabin aikin. Yawancin masu zuwa wurina "baya na ƙara" kawai suke cewa, sai na shiga motar da kaina.

Wanda ya ce maka boris ɗin taya ne, a ganina bai saurara da kyau ba. Boris ɗin taya ba ruwansa da totur. Ka taka ko ka saki, gurnaninsa na nan, mai kauri, yana ƙaruwa da gudu, kuma in ka ɗan karkata sitiyari dama da hagu a hanya mara cunkoso za ka ji yana hawa yana sauka, saboda nauyin mota yana komawa gefe ɗaya. Naka siriri ne, kuma akwai dalili. A gudun 80, tayar irin motarka tana juyawa kamar sau 600 a minti ɗaya, shi kuwa finiyon, wato ƙaramin giyan da farfela ke juyawa, yana yin wajen sau 2,500. Abin da ke gudu haka shi ke kuka da siririyar murya.

Yanzu ga inda nake zargi. Babban notin nan da ke tsakiyar fulanji (farantin ƙarfen da ake ɗaure farfela a jikinsa), wanda dole a kwance kafin a kai ga sil, aikinsa ya wuce riƙe fulanji. Finiyon yana zaune ne a kan boris biyu masu siffar mazurari, suna fuskantar juna, kuma a yawancin irin waɗannan motocin akwai wani ɗan bututu a tsakaninsu da aka ƙera don ya lotse kaɗan in ana ɗaure notin. Yawan lotsewarsa shi ke yanke yawan matsin da boris ɗin za su samu. Mai canja sil da ya san aikinsa zai yi wa noti da bakin finiyon alama, ya ƙirga zaren da ya fito, ya mayar da shi daidai inda ya same shi. Wanda bai sani ba zai ɗauko bindigar iska ya buga har sai ta daina motsi, ko kuma ya ɗaure da hannu ya ce ya isa. Na farko ya matse boris sun yi zafi sun cinye, na biyu ya bar su sako-sako. Duk biyun ƙarshensu ɗaya ne, finiyon ya samu wurin motsi.

Abin da ya sa kake jin sa in ka saki totur kuwa, lokacin da inji ke jan mota, haƙoran suna tura finiyon waje ya jingina da babban boris na ciki, sai ya zauna daram. Da ka saki, tayoyi ne suka koma juya farfela, ƙarfin ya juya, sai a zuƙo finiyon ciki wajen kirawun, wato babban giyan da finiyon ke juyawa. Abin da zai riƙe shi a lokacin shi ne ƙaramin boris na waje da notin nan. In akwai sassauci, haƙoran sun bar inda suka saba haɗuwa, sai kuka. Haka kuma sil ba ya iya riƙe mai a jikin fulanjin da ke rawa, shi ya sa ɗigar ta dawo.

Amma kada ka sayi komai da maganata, je ka duba. Sa duwatsu ko katako a tayoyin gaba, ɗaga bayan, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak shi kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa, wannan ba na wasa da shi. Saki birkin hannu, giya a firi. Kama fulanjin da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa, sannan ka ja ka tura. Ko kaɗan bai kamata ya motsa ba. Juyawa dama da hagu ɗan kaɗan kafin tayoyi su amsa, wannan dole ne, akwai ratar da aka bari tsakanin haƙora. Motsin sama da ƙasa ne babu shi a lafiyayyen aksul.

"Ƙwal" ɗin da kake ji, kada ka ɗora wa aksul tukuna. Riƙe farfela da hannu ɗaya, fulanji da ɗayan, ka murɗa su saɓanin juna kana kallon kuros, mahaɗin nan mai siffar gicciye da ke ƙarshen farfela. In ka ga motsi a cikinsa, ko jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin kofunansa, ka samu mai laifi ɗaya, kuma shi gyaransa mai sauƙi ne.

Sai mai. Fara kwance notin zubawa na sama kafin na zubarwa na ƙasa, don in ka zubar sannan na sama ya ƙi kwancewa ka tsaya ke nan. Sa yatsa, ya kamata mai ya kai bakin ramin. Tara shi a cikin roba mai tsabta ka fita da shi rana. Notin ƙasa yawanci yana da maganaɗisu. In abin da ya kama baƙi ne mai laushi kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne. In ka murza tsakanin yatsu ka ji yana suka, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, boris na zuba. In gutsuren haƙori ka gani, magana ta canja. In man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Ka duba ɗan bututun numfashi da ke saman gidan aksul ma, hularsa ta riƙa juyawa da yatsa. In laka ta toshe shi, mai ya yi zafi iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta kowane sil ta samu.

Maganar ci gaba da hawa: in fulanjin na rawa, ajiye ta. Yanzu kuɗin boris ake magana. In ka ci gaba da lodi a haka, haƙoran za su ci juna a karkace ka koma sayen kirawun da finiyon, kuma boris ɗin finiyon in ya kama da gaske yana iya kulle tayoyin baya kana cikin gudu. Mai mai kauri kuwa murya kawai yake rufewa na ɗan lokaci, sassaucin yana nan inda yake.

Direban_Dogo:

Baba ya faɗi gaskiya a kan binciken, amma ni inda na saba da shi shi ne gyaran. Mota ta yi kilomita 380,000, a buɗe aksul a ce boris kaɗai za a canja? Da an buɗe za a ga ƙananan giyoyin ciki ma sun yi sako-sako, wasoshinsu (siraran zobban ƙarfe da ke bayansu) sun siraɗe, sai lissafi ya yi ta hawa. Sannan masu iya saita haƙora da awo ba su da yawa, da dama da ido suke yi, ka biya kuɗi ka fito da kukan da ya fi na da. An gudu ba a tsira ba.

In irin aksul ɗin da kansa ke fitowa ta gaba ne bayan an zare shaf biyu, wato sandunan da ke kai juyi ga tayoyi, ni sai in nemi kan da aka ciro daga wata motar, wanda ba a taɓa kwance shi ba tun daga kamfani, in ɗora. Aikin wuni ɗaya ne. Sai dai ka ƙirga haƙora da kanka, kada ka yarda da "iri ɗaya ne". Kirawun mai 41 da finiyon mai 10 shi ne 4.10. Mai 41 da 9 ya zama 4.56, mai 43 da 10 kuma 4.30. A ido duk kamarsu ɗaya. In ka sa wanda ba naka ba, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, ko inji ya riƙa ihu a babbar hanya, ko ta rasa ƙarfin tashi da kaya. Masu mota mai jan ƙafa huɗu su nasu ya fi muni, don gaba da baya dole su zo ɗaya, in ba haka ba wani abu zai karye.

In kana son sanin naka ba tare da ka buɗe ba, bar taya ɗaya a ƙasa, ɗaga ɗaya, yi wa farfela alama da alli, ka juya tayar da ke sama sau 2 cif kana ƙirga juyin farfela. In ta yi 4 da ɗan ɗoriya, 4.10 ke nan, in ta yi 4 da rabi da ɗan abu, 4.56. Ka ƙirga zaren bakin shaf ɗin ma, su ma suna bambanta.

Mai_Akori96:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi abin da ka ce. Fulanjin yana motsi sama da ƙasa, ana gani da ido, har da 'yar ƙara. Mai bai kai bakin rami ba, sai da na lanƙwasa yatsa sosai na taɓo shi, baƙi ƙirin, kuma a rana yana ƙyalli. Maganaɗisun ya cika da laushin nan, da 'yan siraran ɓarɓashi masu suka, amma babu gutsuren haƙori. Bututun numfashi a toshe yake da busasshiyar laka. Kuros na baya ma yana wasa kamar yadda ka ce.

Aksul ɗin nawa irin wanda kansa ke fitowa ta gaba ne. Tambayata, tunda notin ne ya yi sako-sako, in aka ƙara ɗaure shi har rawar ta tsaya, aka zuba sabon mai, ba zai wadatar ba? Ko kuwa in bi shawarar Direban_Dogo?

Baba_Mai_Aksul:

Da a ce washegarin canja sil ɗin ka zo, kafin ƙarfe ya fara zuba, da na ce a gwada. Yanzu ɓarɓashin da ka gani daga jikin boris ya fito. Fuskarsu ta riga ta fashe, in ka matse su a haka rawar za ta tsaya na ɗan lokaci, zafi ya ƙaru, su ƙarasa cinyewa da sauri fiye da da.

Shawarar Direban_Dogo ba banza ba ce, ni ma nakan ba da ita in haƙora sun lalace. Abin da ya kamata ka tuna kawai, kan da za ka saya shi ma shekarunsa sun kai na naka, kuma ba ka ji kukansa a hanya ba. In za ka saya, juya fulanjinsa da hannu. Ya kamata ka ji ɗan nauyi mai santsi, babu gargada, babu sako-sako. Wanda ke juyawa fyuu ba nauyi, matsinsa ya tafi, gobe zai yi irin na yau. Amma kafin nan, fitar da naka a wanke a gani. Dubi haƙoran kirawun gaba da baya. In suna da santsi, babu ramuka, babu karce mai zurfi, bakinsu bai yi kaifi ba, kuma babu shuɗin ƙuna, to ni naka zan gyara, don ka san tarihinsa.

Ga abin da za ka tsaya a kai in ana aikin, ko kai ke yi ko wani. Kafin a kwance komai a auna ratar haƙora da agogon awo a wuri 3 ko 4 a zagayen kirawun, a rubuta. Wannan lambar tana da muhimmanci, don tsofaffin haƙora sun riga sun saba da juna a wannan ratar, kuma can za a mayar da su. Mai cewa zai matse su "su koma kamar sababbi" kuka zai ƙara maka. A yi wa murafun boris na gefe alama, na dama ya koma dama, na hagu hagu, don tare da gidansu aka huda su a kamfani, ba sa musanya. Manyan notocin saiti na gefe su ma a yi musu alama.

Boris huɗu ne, biyu na finiyon biyu na gefe, kuma tunda ƙarfe ya zaga cikin mai duka za a canja, kowanne da kofinsa. Sabon boris a tsohon kofi ɓarnar kuɗi ce. Akwai wata siririyar wasa, wato zoben ƙarfe, a bayan kan finiyon, ita ke yanke zurfin shigarsa cikin kirawun. Kada a yar da ita, kada a musanya ta, tunda haƙoranka za ka mayar. Bututun nan mai lotsewa dole sabo, noti sabo, sil sabo. Shafa yatsa a wuyan fulanji inda sil ke kwanciya, in ya yi kwari a canja fulanjin, in ba haka ba ɗigar za ta dawo karo na uku.

Wurin ɗaure notin ne ake gane gwani. Ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana juya finiyon don boris su zauna, ana auna ƙarfin da ake bukata a juya shi shi kaɗai, kirawun ba ya ciki. Kowace mota da nata adadin a littafin gyaranta, a nemo na taka. Don ka ga ƙanƙantar abin, littafin Toyota na aksul mai inci 8 a motocinsu masu silinda 4 na wancan zamanin ya ba da 1.9 zuwa 2.5 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa) ga sababbin boris, ratar haƙora kuma milimita 0.13 zuwa 0.18. Wannan ba abin da hannu ke ji ba ne. In babu ƙaramar sifanar awo, a naɗa zare a jikin fulanji a ja da sikelin rataye. In daga tsakiyar fulanjin zuwa inda zaren ya kwanta santimita 5 ne, kilo 4 zuwa 5 shi ne wannan adadin. Da zarar bututun ya fara lotsewa, ɗan juyi ƙalilan ke kai ka daga bai isa ba zuwa ya wuce. In ya wuce, ba a sassauta noti a ce an gyara. Bututun ya riga ya lotse, ba ya dawowa, sai a fitar a sa wani. Shi ya sa nake sayen biyu tun farko.

Bayan an haɗa, a shafa fentin gwaji a haƙora kamar 4 ko 5, gaba da baya, a riƙe kirawun da tsumma don ya yi nauyi, a juya. Tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, ya ɗan karkata wajen ƙaramin bakin na ciki, kada ya hau can saman, kada ya nutse can gindi. A tsofaffin haƙora gefen ja yakan ba da tabo mai faɗi da wuyar karantawa, gefen saki ya fi faɗin gaskiya. Ƙananan giyoyin da Direban_Dogo ya ambata, a duba su da sandar da suke juyawa a kai. In wasoshinsu sun siraɗe a canja, ba su da wuya, kuma suna cikin masu kawo "ƙwal".

Abu ɗaya zan gaya maka tun yanzu don kada ka zargi mai aikin. Ka yi tafiya da finiyon yana rawa, don haka mai yiwuwa haƙoran sun ɗan ci a inda bai kamata ba. Ko an yi komai daidai, wata 'yar siririyar murya tana iya saura a wani gudun. In ba ta ƙaruwa, aksul ba ya zafin da ya wuce kima, mai kuma yana fitowa da tsabta, a bar ta. In kuma ka ga dole sai sababbin haƙora, kirawun da finiyon tare ake sayensu, don tare aka goge su a kamfani, ba a aura wa tsoho sabo. Sababbi kuma suna son lallaɓawa: tafiyar farko gajera a bar shi ya huce, babu lodi mai nauyi har kamar kilomita 800, sannan a zubar da man a sa wani.

Mai kuwa, man giya mai lambar GL-5, 80W-90 ya wadatar sai in littafinka ya ce wani abu. Haƙoran aksul suna gugar juna ne suna zamewa, shi ya sa man da ba GL-5 ba ba ya riƙe su.

Injiniya_Ƙarami:

Ƙari kaɗan a kan na Baba, tunda shaf biyu za su fita ko ta wace hanya aka bi. A wanke cikin gidan aksul har cikin hannayensa biyu, a tura tsumma da sanda, don ɓarɓashin yana kwanciya a can, sabon mai ya ɗebo shi ya kai wa sababbin boris. A canja sil na bakin shaf, a juya boris ɗin taya da hannu a ji, a duba ko mai ya taɓa takalman birki. In ya jiƙa su, wanki ba ya fitar da shi. Kafin a sauke farfela a yi mata alama da fulanji don ta koma yadda take, kuma tunda za a taɓa bututun birki, a fitar da iska kafin a hau hanya.

Ka kuma dubi tayoyinka na baya. In ɗaya ta fi ɗaya girma, ko lambarsu daban, ƙananan giyoyin ciki ba sa hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sannan kafin ka sayi mai, ɗaga tayoyin biyu ka juya ɗaya, giya a ciki. In ɗayar ta juya baya cikin sauƙi, aksul ɗinka na gama-gari ne, GL-5 kawai. In ta yi tauri ta ƙi juyawa, akwai faifan kuloci a ciki, sai ka nemi man da aka rubuta LSD a jikinsa, in ba haka ba zai riƙa kakkarwa a kwana.